Monies, funds ko sum: wacce za ka sa a takardar kuɗi?

Ɗan yayata aka ɗora wa sakatarancin ƙungiyarsu ta masu walda a Panteka da ke Kaduna, kuma aikin farko da ya faɗo kansa shi ne rubuta tsarin mulkin da za su kai rajista. Ya iske ni a gida bayan Isha'i, takardu a hannu, ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalma ɗaya.

"Kawu, ka raba mana gardama. Ciyaman ya ce a bar *monies*, wai ita ce ta lauyoyi, ta fi kwarjini. Ma'aji ya ce kuskure ne, tun yana firamare aka koya masa *money* ba ta da jam'i. Yaron da ya buga mana takardar kuma ya ce mu sa *funds* kowa ya huta."

Na yi shekaru a ofishin akanta, kuma ba ranar na fara jin wannan tambaya ba. Wanda aka roƙa ya tsaya wa ɗan'uwansa a banki ya taɓa yi min ita, haka ɗan kasuwar da ke son rubuta takardar bashi a Kasuwar Gumi, haka sakataren kwamitin masallacin unguwarmu. Galibi mutane suna ɗaukar kalmomin nan kamar riguna, wata ta zaman gida wata ta zuwa ɗaurin aure. Ni kuwa a wurina kowacce shinge ce, kuma filin da kowacce ke kewayewa faɗinsa daban. Wanda ya zaɓi kalma don kwarjininta kawai yana iya kewaye gonar da bai yi niyya ba, ko ya bar tasa a buɗe.

Bahaushe bai kamata *monies* ta ba shi mamaki ba. Kalmar kuɗi ita kanta jam'i ce, tilonta wuri, tun zamanin da ake ciniki da shi. Duk da haka muka sake yi mata wani jam'in muka ce kuɗaɗe. Babu matar da za ta ce wa mijinta ya ba ta kuɗaɗen cefane, amma mai karanta labarai a rediyo zai ce kuɗaɗen da aka ware wa ƙananan hukumomi, saboda kaso-kaso ne, kowane da inda ya fito da inda za shi. To, tsakanin *money* da *monies* ma haka abin yake. Ma'aji ya yi gaskiya a Turancin yau da kullum, ciyaman ya yi gaskiya a Turancin doka. Sauran aiki shi ne sanin wacce ta dace da takardar da ke gabanka, kuma kalmomin da ke takara biyar ne: *money*, *monies*, *funds*, *sum* da *cash*.

Abin da za mu auna da shi

Na farko tsada. Kalma ba a sayen ta a kanti, amma tana da farashi. Wata za ka rubuta ta da kanka ka kwana lafiya, wata kuwa in ka sa ta sai ka biya lauya ya duba abin da ta jawo, ko ka biya mai fassara, ko ka ɓata rabin taron wata kana yi wa mambobi bayani.

Na biyu ƙarko. Takarda takan fi wanda ya rubuta ta daɗewa. Bayan shekara goma, an sauya shugabanni, darajar naira ta sauya, shin kalmar za ta ci gaba da faɗin abin da kuka nufa?

Na uku sauƙi: wanda zai sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya gane ta da kansa? Kai mai rubutu kuma, za ka iya sa ta a jimla ba tare da ka karya nahawu ba?

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, haɗari. In zama ya ɓaci aka je gaban alƙali, fassara nawa za a iya yi wa kalmar, kuma wa zai cutu da mafi faɗinsu?

Money

Wannan ita ce uwa, kuɗi kurum. Asalinta daga Rum ne, inda ake buga tsabar kuɗi a ɗakin bautar wata gunkiya da ake wa laƙabi da Moneta, ta bi ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci. Ba ta da tsada ko kaɗan, ɗan aji uku ya san ta, kuma ba za ta tsufa ba. A wasiƙa, a takardar taro, a saƙon waya, ita ce ta dace. Nahawunta ɗaya ne za ka kiyaye: ba a ƙirga ta, ba a cewa *a money* ko *two moneys*.

Aibinta sakwa-sakwa ce. Ba ta faɗi nawa ba, ba ta faɗi na ina ba, ba ta faɗi a hannu yake ko a banki ba. Takardar da ta ce wane zai mayar da *the money* ta bar ƙofa a buɗe ga tambayar wane kuɗin, uwar kuɗin kaɗai ko har da ribar cinikin da aka yi da shi. Ranar da ake dariya kowa ya san amsa. Ranar da aka daina gaisawa kowa da tasa.

Monies

A nan zan daɗe, domin ita ce ta kawo ɗan yayata, kuma ita ce ta fi cin mutane.

Rubutunta iri biyu ne, *moneys* da *monies*, kuma ƙamusoshi sun karɓi duka biyun. *Moneys* ce ta bi ƙa'idar da aka saba, kamar yadda *key* ke zama *keys*. *Monies* kuwa ita za ka fi cin karo da ita a takardun banki da na lauyoyi da jaridu. Ka ɗauki ɗaya ka tsaya a kanta, kada shafi na biyu ya ce wannan, shafi na biyar ya ce waccan. Aikatau ɗinta na jam'i ne, *monies are*, ba *monies is* ba. Kuma duk da jam'i ce, ba a sa mata lamba a gaba. Babu wani abu *five monies*.

Wanda ke shakkar ingancinta ya buɗe Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Sashe na 80 ya ce duk kuɗin shiga da sauran *moneys* da Tarayya ta tara ko ta karɓa za a zuba su a asusu ɗaya, sa'an nan ya ƙara da cewa *No moneys shall be withdrawn from the Consolidated Revenue Fund* sai ta hanyar da doka ta tanada. Sashe na 120 ya maimaita wannan ga jihohi, don haka kasafin da 'yan majalisa ke zama a kansa a Gidan Lugga, mazaunin majalisar dokokin jihar Kaduna, kowace shekara, a kan wannan kalma yake tsaye. Ka lura da dalilin da ya sa masu rubuta kundin suka zaɓe ta. Suna son taru mai faɗi wanda babu abin da zai kuɓuce masa: haraji, tara, rance, tallafi, kuɗin haya, duk abin da ya shigo hannun gwamnati. *Monies* na nufin kowane kaso, ko daga ina ya fito.

Wajen ƙarko ba ta da na biyu. Ta yi ɗaruruwan shekaru a kotunan Ingila, mu ma muka gaje ta. Sai dai a kwana a tashi masu rajin sauƙaƙa Turancin doka suna ta rage ta, kuma a wajen doka da lissafi tana sa rubutu ya yi kama da na mai son a ce ya yi boko. In ka rubuta wa abokinka cewa ka tura masa *monies* na anko, dariya zai yi maka, kuma ya yi daidai.

Wajen sauƙi tana baya. Mafi yawan mambobin ƙungiya ba su taɓa haɗuwa da ita ba, wanda ya yi sakandare ma yakan zaci kuskuren mai bugawa ne. Tsadarta daga nan take: duk takardar da ka ga *monies* a ciki kuma kai ne za ka ɗauki nauyi, kuɗin lauya ya zama wajibi.

Ga dalili. A takardun jingina da na tsayawa da bankuna ke bayarwa akwai wata gaɓa da aka sani da *all monies*. Lafazinta yakan zo da siga kamar *all monies now or at any time due*, wato duk kuɗaɗen da banki ke bin wannan mutum yanzu, da waɗanda zai bi shi nan gaba, ta kowace fuska. Ƙaninka ya zo ya ce, "Yaya, ka tsaya min, rancen miliyan biyu ne zan sayi janareta." Kai a ranka miliyan biyu ka ɗauka. Takardar kuwa ba ta ce miliyan biyu ba, ta ce *all monies*. In ya biya wannan ya sake cin wani bashin, in ya ja fiye da abin da ke asusunsa, in ruwa da caji suka taru a kai, sa hannunka na nan bai mutu ba, matuƙar ba a rubuta iyaka ba kuma ba ka janye ta hanyar da takardar ta tanada ba. Haka wanda ya jinginar da takardar gidansa: yana iya gama biyan rancen da ya sani, ya je karɓar takardarsa, a ce masa akwai wani bashin a wani asusun, kuma jinginar ta haɗa da shi. Na ga dattijon da haka ta same shi. Ba a zalunce shi a doka ba, an ba shi takardar ya sa hannu da kansa, kalma biyu ne kawai ba wanda ya fassara masa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, to amma gara mutum ya san kan mutum nawa zai aske kafin ya karɓi ladan.

Har alƙalan Ingila, masu harshen, kalmar ta wahalar da su. A shari'ar Perrin da Morgan ta 1943, wata mata ce ta rubuta wasiyya da hannunta ba tare da lauya ba, ta ce a raba wa 'ya'yan 'yan'uwanta *all moneys* da ta mutu ta bari. Tsabar kuɗin da ta bari kaɗan ne, yawancin dukiyarta hannayen jari ne da suka haura fam 30,000. Kotunan ƙasa suka bi tsohuwar ƙa'ida suka taƙaita kalmar, suka fitar da hannayen jarin. Sai da aka kai ga Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, kafin aka ce kalmar ba ta da ma'ana ɗaya tsayayya, a duba abin da mai wasiyya ta nufa, kuma a nan ta haɗa da dukiyarta da ba ƙasa ko gini ba. Magada sun samu, amma bayan hawa kotu uku. Wannan shi ne farashin kalma mai faɗi.

Abin da nake so a riƙe game da *monies* shi ne tana yi wa mai tarawa aiki, tana cutar da mai biya. In kai ne ƙungiya kana cewa duk abin da ya shigo a kai banki, faɗinta alheri ne gare ka. In kai ne mai tsayawa, faɗin nan rami ne.

Funds

Ka sake duba jimlar nan ta sashe na 80, za ka ga *moneys* da *Fund* a layi ɗaya, kowacce da aikinta. *Moneys* ita ce hatsin da aka kwaso daga gonaki daban-daban. *Fund* shi ne rumbun. Da Hausa asusu muke cewa, shi ya sa IMF ta zama Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kuma shi ne a cikin sunan TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu mai gina azuzuwa a Kaduna Poli da Jami'ar Jihar Kaduna, da tsohuwar PTF, asusun rarar kuɗin man fetur da Janar Buhari ya shugabanta zamanin Abacha. *Funds* mai *s* kuwa ita ce abin da ke cikin rumbun wanda za a iya ɗiba a yi aiki da shi.

Wannan *s* ɗin ita ce tarkon farko. Sau da yawa za ka ga an rubuta *lack of fund* ko *release of fund* a takardun ofis, alhali *funds* ake nufi. Wanda ya roƙi a sake masa *fund*, rumbun ya roƙa gaba ɗaya. Akwai kuma *funding*, wadda ke nufin ɗaukar nauyi, wato hanyar da kuɗin aiki zai fito.

Tsadarta kaɗan ce, domin wayar hannu ta riga ta koya wa kowa ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban mai POS injin ya ce *insufficient funds* ya san ma'anarta ba tare da malami ba. Ƙarkonta mai kyau ne, kuma ita ce harshen da hukumomi ke ji. Ƙungiyoyi irin ta ɗan yayata suna rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ne a ƙarƙashin Kashi na F na dokar kamfanoni ta 2020, kuma dokar tana son tsarin mulkin ƙungiya ya bayyana yadda ake fitar da *funds* ɗinta, da yadda ake ajiye lissafi, da yadda ake binciken sa. In ka yi magana da kalmar da doka ta yi magana da ita, ka rage wa kanka kai-da-kawo.

Haɗarinta iri biyu ne. Na farko, a harkar banki *funds* na nufin abin da ya riga ya zauna a asusu, ba abin da kake sa ran zai shigo ba. Kuɗin da abokin ciniki ya ce ya tura amma bai sauka ba, ba *funds* ba ne tukuna. Wannan ba wasa ba ne ga mai rubuta cek: dokar 1977 kan cek ɗin da banki ya dawo da shi ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya ko bashi da cek, aka kai shi banki cikin wata 3, aka tarar babu isasshen kuɗi. Na biyu, a wasu dokoki kalmar takan buɗe ta haɗiye abin da ba kuɗi ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1999 kan hana ɗaukar nauyin ta'addanci ta fassara *funds* da kadara kowace iri, mai motsi da maras motsi, har da hannayen jari da takardun mallaka. Don haka in takarda tana da sashen fassarar kalmomi, can za ka fara dubawa kafin ka ce ka gane.

Wani abu kuma da na lura da shi: *funds* na ɗauke da ƙamshin amana. Kuɗi ne da aka ware don wani aiki, shi ya sa ake cewa *public funds*, shi ya sa kuma take yawan fitowa a tuhume-tuhumen EFCC. Ma'ajin da aka rubuta cewa yana riƙe da *funds* na ƙungiya ya san ba nasa ba ne da zai ranta ya sari kaya ya mayar ƙarshen wata.

Sum

*Sum* mudu ce. Ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da adadi: *the sum of*, sa'an nan kuɗin da haruffa, sa'an nan da lambobi, a rufe da *only*, wato kacal, don kada wani ya ƙara wani abu a wutsiya. Duk cikin biyar ɗin babu wadda ta kai ta ƙanƙantar haɗari, domin ba ta bar wa kowa wurin fassara ba. Naira 850,000 naira 850,000 ce a gaban alƙalin kotun shari'a, ita ce a gaban na babbar kotu. Mu da aka umarta a aya ta 282 ta Suratul Baƙara, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, da mu rubuta bashi zuwa ajali ambatacce, wannan kalma ce ta fi kusa da abin da ake so: adadi sananne, lokaci sananne, shaidu.

Ba ta buƙatar lauya in bashin tsakanin mutum biyu ne kuma babu jingina. Wanda bai iya Turanci ba ma yana gane lamba. Abin kiyayewa ɗaya ne, haruffa da lambobi su yi daidai. Dokar da ta shafi cek ta ce in sun saɓa, abin da aka rubuta da haruffa shi ne abin biya, ko da yake a aikace banki mayar maka da shi zai yi.

Rauninta yana wajen ƙarko. Adadi a tsaye yake, kasuwa kuwa tafiya take. A takardar bashi wannan daidai ne, abin da ka ranta shi za ka mayar. Amma a tsarin mulkin ƙungiya kuskure ne babba a rubuta cewa kowane mamba zai biya *the sum of* kaza a wata. Bayan shekara uku kuɗin ba zai sayi lemon taro ba, gyaran tsarin mulkin da aka yi wa rajista kuwa sai an kira babban taro an kuma koma CAC. Ku rubuta cewa mambobi za su biya abin da babban taro ya yanke lokaci zuwa lokaci, adadin ku bar shi a littafin taro.

Cash

Mu daga hatsi muka aro tamu, tsaba, muka ce tsabar kuɗi. *Cash* kowa ya san ta, ba ta da tsada, amma ita ce ta fi saurin tsufa. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar a tuna musu farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗi ya ɓace, har sai da gwamnatin jihar nan da ta Kogi da ta Zamfara suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, aka yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Wanda takardarsa ta ce zai biya *in cash* a waɗannan makonni, kuɗi na asusunsa amma ba shi da halin cika alkawari yadda aka rubuta. Ga kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022, wadda ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani sama da miliyan 10, sai ta hanyar banki. Mai sayen fili a Rigasa ko Millennium City ya lura da wannan. Kada ka sa *cash* sai in da gaske hannu da hannu kake nufi, kamar a rasit ko littafin ƙananan kashe-kashe.

| Kalma | Hausarta | Tsada | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| money | kuɗi | babu | ba ta tsufa | kowa ya sani | ba ta faɗi nawa ko na ina ba |
| monies | kuɗaɗe, kowane kaso | sau da yawa sai da lauya | mai ƙarfi a doka | kaɗan suka san ta | babba ga mai tsayawa da mai jingina |
| funds | kuɗin da ke asusu | kaɗan | mai kyau | waya ta koya wa mutane | matsakaici, a duba sashen fassara |
| sum | adadi ƙayyadadde | babu | adadin kan tsufa | lamba ce, a bayyane take | mafi ƙanƙanta |
| cash | tsabar kuɗi | babu | mai rauni | kowa ya sani | iyakar doka da ƙarancin takardun kuɗi |

Akwai tsadar da duka biyar suka yi tarayya a kai, wato ta harshen kansa. Babbar kotu da Turanci take aiki, takardar Hausa sai an fassara ta kafin a yi amfani da ita, shi ya sa mutane ke nacewa kan Turanci ko da duk masu sa hannun Hausawa ne. Babu laifi, amma a yi kwafin Hausa a haɗa, kuma a rubuta wanne za a bi in sun saɓa. In cikin masu sa hannu akwai wanda bai iya karatu ba, dokar kare irin waɗannan mutane tana son wanda ya rubuta takardar ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar an karanta masa an yi masa bayani kafin ya dangwala. Yaran shagunan buga takardu ba kasafai suke tunawa da wannan ba, sukan ɗauko tsohon fayil su sauya sunaye kawai. Ina kyautata zaton ta haka *monies* ɗin ta shigo takardar masu walda tun farko.

Wa ya dace da wacce

Mai ba da bashi ko mai karɓa, da mai rubuta rasit na haya ko na ciniki: *sum*, da haruffa da lambobi da ranar biya. Kada ka bari a sa maka wata.

Wanda aka roƙa ya tsaya wa wani a banki, ko zai jinginar da gida: ka nemi *all monies* a takardar layi-layi. In ka gan ta, ka nemi a mayar da ita *sum* mai iyaka, a ambaci rancen da ake magana a kai shi kaɗai. In banki ya ƙi, ka kai wa lauya kafin ka taɓa biro, ko da ƙaninka na tsaye yana cewa Yaya lokaci na ƙurewa.

Mai rubuta wasiyya da Turanci: ka guji *money* da *monies* duka. Ka ambaci abu da sunansa, asusu kaza a banki kaza, hannun jari kaza, shago kaza, ka kuma tuna wasiyyar Musulmi ba ta wuce sulusi.

Mai neman tallafi daga hukuma ko ƙungiyar agaji, da sakataren kwamitin makaranta ko masallaci: *funds* ga abin da ke hannu, *funding* ga abin da ake nema, *fund* in asusu na musamman za ku buɗe, kamar na gini ko na marayu.

Ɗalibi mai rubuta jarrabawa, da mai wasiƙar yau da kullum: *money* ta ishe ka.

Ƙungiya mai rubuta tsarin mulki kuwa ba sai ta zaɓi ɗaya ba, kuma abin da muka yi da ɗan yayata ke nan a daren. A gaɓar da ta ce duk abin da aka karɓa da sunan ƙungiya a kai banki kafin a taɓa shi, muka bar *all monies received*, don ta kama kuɗin wata da tara da gudummawar ɗan siyasa da kuɗin fom, kada wani ya ce nasa kason ba ya ciki. A gaɓar wanda ke da ikon sa hannu a fitar da kuɗi muka sa *funds of the association*. Adadin kuɗin wata muka cire shi gaba ɗaya muka bar wa babban taro. *Cash* ta fito sau ɗaya tak, inda aka ƙayyade abin da ma'aji zai iya riƙewa a aljihu don ruwa da kujerun taro.

Da ya kai musu, ciyaman ya ji daɗi kalmarsa ta tsira. Ma'aji kuwa, in ji ɗan yayata, ya yarda ya sa hannu, amma ya ce a rubuta a littafin taro cewa shi har yanzu yana kan abin da malaminsa na firamare ya koya masa.